Arba'in da Ɗaya na Tsoho Sinong

Duk garin Kabayan babu wanda ya kai Tsoho Sinong sanin yadda ake cewa a'a da harshen Ibaloi. Da wata malama ta zo daga jami'a a Baguio tana tattara kalmomin ƙi, gidansa aka nuna mata. Kwana uku ya yi yana zuba mata a na'urar ɗaukar murya: a'ar da ake yi wa suruki, da ta mai roƙon iri, da ta maƙwabcin da ya cika aro. Arba'in da ɗaya cif. Ta yi godiya, ta bar masa muryar tasa a wata 'yar rediyo.

Matarsa Dominga ta yi dariya har da hawaye, domin shekara hamsin ba ta taɓa jin ya ce wa mai rai a'a ba. Kunya ta cinye masa baunar noma, ta cinye itatuwan bayan gida. Abin da ya rage shi ne idon ruwan da ke shayar da jar shinkafarsa a gefen dutse, shi ɗin ma Wasing, ɗan ƙanwarsa, yana so ya ja da bututu zuwa gonar kabejinsa.

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci sai ga Wasing da tulun giyar shinkafa, yana ta kawu kaza, kawu kaza, yana roƙon ruwan. Sinong ya sunkuyar da kai. Ya danna rediyo. Muryarsa ta cika ɗakin, garau, babu ko gargada: ba zan bayar ba, ban yarda ba, kada ka sake tambaya. Wasing ya saurara da ladabi har ta arba'in da ɗaya, ya yaba, sannan ya miƙa hannu ya kashe.

"Wannan ai na 'yan jami'a ne, Kawu. Kai me ka ce?"

Sinong ya dubi ƙasa, ya dubi tulu. Wallahi har bakinsa ya buɗe.

"To," in ji shi, "ai ruwa na kowa ne."

A shekarar, kashi biyu kawai cikin tara na gonarsa suka yi shinkafa. Dominga ta ɗauko rediyon. Ta ɗaure shi a kan sanda a tsakiyar gona, ta ƙure murya, tsohon yana ta hani daga safe har yamma. Tsuntsaye dai sun ji, ko ɗaya bai sauka ba.