Tambaya ta Huɗu

Ma'u ta kai takarda ta tara cikin na ɗaliban da suka faɗi jarrabawa, sannan ta ajiye jan biro. Duk tara ɗin sifili suka samu a tambaya ta huɗu, mai maki ashirin, kuma rashin ashirin ɗin nan ne zai sa su maimaita shekara.

A ƙaramar kwalejin aikin gona da take koyarwa, ba a fitar da sakamako sai wani malami ya duba ma'aunin makin ɗan'uwansa ya sa hannu. Yawanci ana gamawa kafin kofin shayi ya huce. Bana aka haɗa ta da Ustaz Kamal, wanda ya koyar da ita, kuma shi ya tsaya mata har ta samu aikin.

Tambayar ita ce: yaushe ake shuka wake a yankin Rusairis? Ma'aunin Ustaz ya ce farkon damina, bai ƙara komai ba. Su kuwa taran nan sun rubuta cewa sai rani, idan ruwan dam ya janye, a bi danshin laka da iri. Takardun lambobi ne a kai, ba sunaye, amma Ma'u ta san 'ya'yan ƙauyukan bakin ruwa ne. Can aka haife ta.

Ta ji tsoro, gaskiya. Sau biyu ta ɗauki biro za ta sa hannu ta huta.

Ta sami Ustaz a ofis yana fifita da wani tsohon fayil. Ta gaishe shi, ta tambayi ƙafarsa mai ciwo, ta zagaya ta zagaya, da ƙyar ta iso kan maganar. Ta ce amsar yaran ma daidai ce, kamata ya yi ma'aunin ya karɓi duka biyun. Ustaz bai yi fushi ba. Ya ce shekara goma sha biyar yana yin tambayar nan, kullum 'yan kaɗan ne ke faɗuwa, ba kuma wanda ya taɓa kawo ƙara.

"Ke kanki kin amsa ta, 'yata," in ji shi. "Ashirin cif na ba ki. Ban manta ba."

"Haka ne, Ustaz. Abin da kake so na rubuta maka. Ran da na yi imtihanin nan, babana yana cikin laka yana shuka wake."

Ya daina fifitar. Ya jawo takardar ma'aunin, ya ƙara layi ɗaya da hannunsa, ya tura mata. Ta sa hannu. Har ta kai ƙofa ya kira ta.

"A shekararku, su nawa suka rubuta ta rani?"

"Mu huɗu ne daga bakin ruwa," ta ce. "Ni kaɗai na wuce."