Inda Hannun Merle Ya Tsaya

Tun da Merle Tuchek ya fara aiki a injin yankan katako a jihar Oregon ta Amurka, ba wanda ya taɓa jin ya ce wash. Ko ranar da gungume ya zame ya murɗe masa kafaɗa, da kansa ya tuƙa mota zuwa asibiti. Wannan taurin kan ne ya ja masa.

Bayan tiyata, kamfanin inshora ya tura shi wurin likitansu a auna nakasar da ta rage, don da wannan awon ake yanke diyya, a kuma faɗi aikin da mutum zai iya. Likita ya ce ya ɗaga hannu, ya tsaya inda ya ji ciwo. Gogan naka ya cije leɓe ya kai shi har sama, idonsa na ganin duhu. Likita ya rubuta abin da ya gani: nakasa kaɗan ce, ya koma bakin zarto.

Matarsa Arlene, wadda kullum take kallonsa yana kokawa da riga ya ƙi a taimaka masa, saura ƙiris ta jefe shi da butar kofi.

"Kai da ko gwangwanin wake ba ka iya saukewa daga kan kanta! Wa ka je burgewa? Likitan budurwarka ce?"

"Namiji ba ya raki gaban baƙo."

"To sannu, namiji. Ka koma bakin zarto da hannu ɗaya, shi ma can za ka baro shi."

Tsoro ne ya sa ta faɗa, shi ma ya sani.

Lauyar da suka ɗauka ta ƙalubalanci awon, aka haɗa su da likitan da ba ya ɓangaren kowa. Arlene ta bi mijinta har ɗakin awo, ta zauna da jaka a cinya kamar mai gadin fursuna.

Ya fara ɗaga hannu. Daidai ƙirji ciwon ya soke shi. Hali zanen dutse, har ya fara cije leɓe zai ƙara. Sai ya dubi Arlene, ya ga ba harara ba ce a idonta, ƙwalla ce. Ya tsaya.

"Nan ne, likita. Da ciwo. Kullum da ciwo, ko kwanciya ba na yi ta gefen nan."

Likita ya aza ma'auni ya rubuta. Dole sai alƙali ya duba kafin a sake lissafin diyya, amma lauya ta ce yanzu suna da madafa.

A mota ya yi ta lalubar bel ɗin kujera, ita kuwa ta kau da kai yadda ta saba, don kada ya ji kunya.

"Tsohuwa," ya ce, "ɗan jawo min abin nan. Hannun ba ya kaiwa."

Ta jawo, ta ɗaura masa.