Fasinjojin Tackett

Aikin Orville Tackett a jirgi mai saukar ungulu shi ne tsayawa a bakin ƙofa: ya loda sojoji da safe, ya kwaso abin da ya rage daga cikinsu da yamma. Tun da rundunarsu ta sauka a tsaunukan Vietnam jaridun gida ke yi mata kirari, wai runduna ce mai zuwa yaƙi ta sama. Shi dai ya daina karanta jarida.

Ran nan, mutanen Saje Purvis suka ɗauka. Purvis ɗan jihar Alabama ne, ƙato, bakinsa ba ya hutawa.

"Kai ɗan tasi," ya ce yana hawa, "yau ma zubar da mu za ka yi ka tsere shan kofi, ko?"

"Ku dai ku daina ɓata min jirgi da taɓo, Saje."

"Ji ɗan rainin hankali!"

Suka sauke su a wani kwari mai ciyawar da ta fi mutum tsayi. Tsit, ko tsuntsu babu. Amma kafin jirgin ya kai sansani rediyo ta ruɗe da ihun mutanen da suka sauke.

Sai da rana ta yi tsaka aka ba su izinin komawa. Matuƙin, Lindqvist, ya kutsa ta cikin hayaƙi, harsasai na ƙwanƙwasar jikin jirgin kamar ana jifan kwano. Tackett ya yi ta jawo mutane, wani ta hannu, wani ta wuyan riga. Na ƙarshe Purvis ne, mutum biyu suka kinkimo shi, ya dafe ciki.

"Ka makara, ɗan tasi."

"Yi shiru, Saje. Ɗauke hannunka in danne."

"Ba ni sigari."

Iska ta hana ashana kamawa. Tackett ya maƙala masa ita haka nan a baki. Purvis ya shiga ba shi labarin kifin da matarsa ke soyawa da garin masara, wai duk Alabama babu mai hannunta, wai in suka koma sai ya kai shi ya ci ya san cewa mutanen Kentucky, jiharsu Tackett, ba su iya komai ba. Ƙarar injin ta cinye rabin maganar. Tackett bai san daidai inda ta tsaya ba. Yana nan danne da ciwon har suka sauka a asibiti, wani ma'aikacin jinya ya taɓa kafaɗarsa.

"Sake shi, ɗan'uwa. Ya riga ya tafi."

Da la'asar Lindqvist ya ajiye jirgin a wani rafi marar zurfi, kamar yadda suka saba. Tackett ya ɗauki bokiti yana sheƙa ruwa a cikin jirgin, jan ruwan na bin ƙofa yana komawa rafin. Bai yi kuka ba. Ya nemi kukan ma a ransa, bai samu ba. Kafaɗunsa ne kawai ke masa zogi.

Lindqvist na zaune a kan dutse, ya cire hular ƙarfensa.

"Gobe za a kwashe kowa daga kwarin," ya ce. "An ce mun ci nasara."

"To wa zai zauna a wurin, yallaɓai?"

"Masu shi mana."

Tackett ya juye sauran ruwan bokitin a cikin jirgin. Sai ya sunkuya ya sake ɗebo ruwa.

Washegari suka wuni suna jigilar waɗanda suka rage. Babu wanda ya yi wa kowa tsiya a jirgin, da yawansu barci suke a zaune, bindiga tsakanin gwiwoyi. Da aka gama, Tackett ya samu inuwa a bayan akwatunan harsashi ya miƙe da takalmansa a ƙafa. Bai jima ba wani kofur ya zo ya shuri tafin ƙafarsa: an ba rundunar wani kwarin, can arewa, a je a sha mai.