Man Giya a Hannun Kwandasta

Shekara talatin da biyu tana zama a kan kujera 'yar tsugunno a gefen motar tana miƙa wa mijinta sifana, shi ya sa yake kiranta Kwandasta. Ba ta taɓa riƙe sitiyari ba, amma ko idonta a rufe ba ta haɗa sifana mai lamba sha bakwai da mai ashirin da huɗu. Shi kuwa duk unguwa Direba ake ce masa. Motar tsohuwa ce, irin mai ja da ƙafa huɗu. Da ita ya yi aiki a ma'aikatar haƙa rijiyoyi, da ya yi ritaya aka bar masa ita, kuma tun da yake bai taɓa yarda wani makanike ya taɓa mata giya ba.

Bara ne mantuwa ta fara kama shi. Likita ya yi bayani mai tsawo, abin da ta fahimta kawai shi ne ba ciwon da ake warkewa ba ne. Babban ɗansu ya so karɓe makullin tun lokacin, uban ya yi tsalle ya dire. Daga ƙarshe suka yi sharaɗi: ranar Asabar da la'asar zai tuƙa su zuwa gona su dawo, ɗan yana gefensa. In an dawo lafiya, makulli ya zauna. In an samu matsala, shi ke nan.

Da hantsin Asabar ɗin ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar, ya ce sai ya canza man giya kafin yaron ya zo.

"Ashirin da huɗu, Kwandasta."

"Ga ta, ranka ya daɗe. Yau ma ba sallama?"

"Albashinki na nan ina tara miki."

Ya kwance notin ƙasa na babban akwatin giya, tsohon man ya zubo cikin roba, baƙi ƙirin. Ya miƙo mata notin, ta goge garin ƙarfen da ya manne a bakinsa kamar yadda ta saba, ya mayar ya ɗaure tamau. Har nan komai daidai, har ta fara jin sanyi a ranta.

Sai dai akwati biyu ne a ƙarƙashin irin wannan mota. Akwai babba na giya, akwai ƙarami a bayansa wanda ke tura ƙafafun gaba, kuma tsakanin ramukan da ake ɗura musu mai bai wuce taƙi biyu ba. Tana kallo hannunsa ya wuce ramin babban, ya kwance na ƙaramin, ya zura tiyon famfon da ke zuƙo sabon mai daga galan. Ko matsa uku bai yi wa famfon ba mai ya tumbatso, don dama ƙaramin a cike yake.

"Ta ƙoshi," in ji shi, yana ɗaure notin. "Kin gani? Su ce wai na manta aiki."

Ta ɗaga galan ɗin, ta ji shi da nauyinsa kamar yadda aka kawo shi daga shago. Babban akwatin babu ko ɗigo, kuma ta sha jinsa yana cewa giyar da ba mai ba ta kai mutum bakin gari. Ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta ga fuskarsa. Rabon da ta ga wannan fara'ar tun kafin su je wurin likita. Sai ta ce, "Sannu da aiki, Malam."

Bayan azahar ya ɗan kishingiɗa. Ta ɗaure zaninta, ta rarrafa ƙarƙashin motar da gwiwoyin da ko sujada sai da dabara suke yi. Notin ramin ɗura man babban akwatin ya ƙi kwancewa. Ta sa bututun ƙarfe a ƙotar sifanar kamar yadda yake yi, ta danna da duk ƙarfinta, ya sake gaba ɗaya, bayan yatsunta suka gurje a jikin ƙarfe. Ta yi ta matsa famfon, mai na bin hannunta har gwiwa, hawaye na gangara mata cikin kunne, har ramin ya tumbatso. Ta ɗaure, ta goge, ta wanke hannu da sabulu sau uku.

Da la'asar ɗan ya zo, suka tafi. Ta tsaya a ƙofar gida tana jin yadda yake canza giya, ta ɗaya, ta biyu, ta uku, har suka sha kwana. Ta koma ta zauna, ta kasa ko tsintar shinkafa.

Kafin magariba suka dawo, tayoyi duk laka.

"Umma, ai Baba ya fi ni," in ji ɗan yana dariya. "Wurin kwarin nan na ce mu juya, ya sa ƙafa huɗu ya haye kamar a kan kwalta. Giya kuwa kamar sabuwa."

"Hannun mai ita ne," in ji Direba. "Kai ka je ka koyi ribas tukuna."

Ɗan ya durƙusa ya ba uban haƙuri, ya yi musu sai da safe, ya bar makullin.

Ta kawo masa ruwa a kofi. Zai karɓa sai ya tsaya, ya riƙe wuyan hannunta, ya juya shi, ya ga gurjewar. Ya kai hannun hancinsa. Man giya yana da wani wari da sabulu ba ya kashewa rana ɗaya, kuma babu wanda ya fi shi sanin haka.

"Kin shiga ƙarƙashin mota."

"Sifana na bari a can."

"Kwandasta." Muryarsa ta yi ƙasa. "A wane rami na zuba?"

Ta sunkuyar da kai. "Ƙaramin."

Bai saki hannun ba.

"Wannan ne na farko?"

"Na uku. Akwai ranar notin taya, akwai ranar da ka bar murfin lagireto a buɗe."

"Kuma kika bar ni na ɗauki ɗana a ciki."

"Na duba komai, Malam. Wallahi na duba komai."

"Na sani. Kin fi ni iya aikin yanzu." Ya so ya yi dariya, abin ya ƙi. "To ranar da abin ba a ƙarƙashin mota yake ba fa? Ranar da na manta birki, yaran mutane na tsallaka titi, a nan me za ki ɗaure?"

Ta fashe da kuka. Tausayinsa ya ishe ta, kunyar ƙaryar da ta yi masa ta fi.

Ya zaro makullin daga aljihu, ya sa a tafin hannunta, ya naɗe yatsunta a kai a hankali don kada ya fama ciwon.

"Ki kai wa yaron yanzu, tun ina cikin hankalina. Gobe zan tashi in neme shi. Zan ce kin ɓoye min, zan yi miki faɗa, wataƙila in faɗa miki maganar da ban taɓa faɗa miki ba." Ya dube ta. "Ki yafe min tun yau. Kuma ko na yi kuka, kada ki ba ni."