Jinin Muntaka Ya Yi Yawa

Tun farkon damina Muntaka yake fama da jiri da ciwon kai, idanunsa jawur, in ya yi wanka kuwa ƙaiƙayi ya taso masa har sai ya goga bayansa a jikin rumbu. Manomi ne a wani ƙauye gefen Makoda. Mai kemis ya dube shi ya ce matsalar jini ce, kuma a ƙauyen matsalar jini ɗaya aka sani, ƙaranci.

Sai gida ya tashi tsaye. Inna, mahaifiyarsa, ta dinga dafa zogale. Matarsa Furera ta bi shi da hanta da madara. Yana ci, yana jin kansa kamar buhun da ake ta dannawa.

Ranar da ya faɗi a kunyar gyaɗa aka kai shi asibiti a Bici, daga can aka tura shi Kano wajen likitar jini. Bayan gwaje-gwaje ta zaunar da shi.

"Malam Muntaka, jininka ba ƙaranci ya yi ba, yawa ya yi. Ɓargonka ne ke ƙera shi ba hutu, har ya yi kauri."

"To likita, a bar ni da abina mana. Wasu nema suke yi."

"Zai iya toshe maka jijiya. Za mu riƙa ɗiba lokaci-lokaci, ga kuma magani."

"A ba mabuƙata?"

"Ba a ƙara wa kowa irinsa. Zubarwa za a yi."

Da Inna ta ji, sai ta yi salati ta ce, "Duk zogalen nan?"

Masu zuwa dubiya suka rasa abin faɗa, wasu sannu, wasu barka. Wani maƙwabci ya zo roƙon leda ɗaya ta jini don matarsa da ta haihu. Muntaka ya yi bayani har bakinsa ya bushe, amma kafin la'asar gari ya ɗauka cewa ya gwammace a zubar da ya bayar. Daga nan ya daina zama a dandali.

Da ya koma asibiti, likitar ta ga ya yi zuru-zuru, ta ce akwai ƙungiyar masu irin ciwonsa, suna haɗuwa a Dawanau. Ya sa babbar riga ya hau mota, yana tsammanin taro da rumfa.

Mutum biyu ya tarar a bayan wani shagon wake: Alhaji Abdulrauf mai shagon, shugaba, da Malama Sakina, malamar makaranta daga Bici, sakatariya. Alhaji ya rungume shi kamar zai yi kuka.

"Alhamdu lillahi! Tun da muka kafa ƙungiyar nan ba mu da mabiya."

Aka ba shi benci shi kaɗai. Alhaji ya miƙe ya gyara murya.

"Jama'a, a yi shiru."

Muntaka ya waiga. Buhuna ne kawai a bayansa.

Ana cikin jawabi Malama Sakina ta tambayi Muntaka, "Malam, kai da me kake susa bayan wanka?"

Ko Furera bai gaya wa ba. "Rumbu," ya ce.

"Ni muciya," in ji ta.

"Ni kuwa yaran shago sun ɗauka ƙofa nake gyarawa," in ji Alhaji.

Muntaka ya yi dariya har da hawaye. Suka koya masa ya bar ruwan zafi, ya yawaita shan ruwa a gona, kada ya tsallake ranar asibiti ko ana tsakiyar girbi. Sannan aka kaɗa ƙuri'a cewa su riƙa raka juna ɗibar jini. Jama'a ta amince da hannu ɗaya.

Ranar Muntaka ta zo, su biyun suka raka shi. Alhaji ya tsaya a kansa yana ƙarfafa masa gwiwa, yana cewa shi in ana ɗibar nasa bango kawai yake kallo. Sai ya leƙa ledar da ke cika. Ya sulale ƙasa, hula ta yi gefe.

Aka kwantar da shugaba a gadon kusa. Muntaka, allura a hannu guda, ya miƙa ɗayan yana yi masa fifita da murfin kwali har ya farfaɗo. Da aka sallame su, Malama Sakina ta saya musu rake, suka zauna a bakin titi suna sha suna jiran motar Bici.