Ƙuri'ar da Na Ɗaura da Ta Orrin

Shekara goma sha takwas ina zaune kusa da Orrin Haugland a majalisar dokokin jiharmu, kafaɗa da kafaɗa. In ban da ranar da muka amince a gyara rufin zauren saboda yana yoyo a kanmu, ban tuna ranar da muka danna maɓalli iri ɗaya ba. Ni kore, wato e, shi ja, wato a'a. Makiyayi ne daga can yammacin jiha, inda shanu suka fi mutane yawa, ɗan ra'ayin riƙau na gidi, irin wanda in gwamnati ta ce masa ina kwana sai ya dafe aljihunsa. Ni kuwa, Leland Pasek, tsohon ma'aikacin reluwe ne, leburorin birni suka turo ni. Yau shekarar Orrin shida da rasuwa, kuma Allah ya sani ina kewar mutumin nan fiye da yadda nake kewar waɗanda muka yi jam'iyya ɗaya da su.

Kowace safiya a ɗan shagon bayan majalisa muke karyawa, kofi da fanke.

"Ɗan birni, yau kuma me za ku hana mu yi?" in ji shi.

"Za mu hana ka shiga cikin mutane da wannan hular, tsoho."

"Hular nan ta fi jam'iyyarku hankali. Miƙo min sukari."

Abu ɗaya Orrin yake taƙama da shi. Ba shanunsa ba, ba kuma wata doka da ya kawo ba, don bai cika kawo komai ba. Shekara ashirin da huɗu a majalisa, bai taɓa fashin ƙuri'a ba ko sau ɗaya. Akwai shekarar da dusar ƙanƙara ta toshe hanyar gonarsa, ya hau tarakta ya yi mil goma sha biyu zuwa babban titi. Yakan ce mutanensa shi suka aiko ya ce a'a, ba kujerarsa suka aiko ba. Matarsa Ingrid ce take guga masa riguna biyar duk Lahadi ta jera a mota, ta kuma riƙe gonar har ya dawo Juma'a.

Ni ma ina da nawa abin. Ƙuduri ne da zai tilasta a sa mutum biyu a kan kowane jirgin kaya, don kamfanoni sun fara barin direba shi kaɗai cikin daji da taragu ɗari a bayansa. Na yi shekara talatin a kan dogo, na san abin da gyangyaɗin minti ɗaya yake yi. Shekara goma ina kawo ƙudurin nan ana kayar da shi. Orrin ya ce ba aikin gwamnati ba ne ta ƙirga wa kamfani ma'aikata, kuma da gaske yake, ba wanda ya saye shi.

A shekara ta goma sha ɗaya muka yi kankankan: mu talatin da biyar, su talatin da biyar. Kankankan kuwa faɗuwa ce. Sai ga labari ranar Talata cewa an kwantar da Ingrid a asibitin garinsu, tafiyar awa biyar daga majalisa, kuma jikin ya yi tsanani. Ƙuri'a ranar Alhamis ƙarfe huɗu. In Orrin bai zo ba, mun ci da ƙuri'a ɗaya. Ba zan ɓoye ba, da na ji, zuciyata sai da ta yi tsalle, na kuma ji kunyar kaina.

Alhamis da hantsi na ji shugaban jam'iyyarsu yana faɗa a baranda cewa ya kira Orrin, kuma yana tafe. Na shiga ofishina na buga wa Orrin waya.

"Kana ina?"

"Ga ni a bakin mota, makulli a hannu."

"Ingrid fa?"

"Likita ya ce yau ko gobe." Ya yi gyaran murya. "In na taka mota na danna na juyo, ƙila in tarar da ita."

Akwai wata tsohuwar al'ada a majalisarmu da muke kira ɗaurin ƙuri'a. In wani ya kasa zuwa, sai wani daga ɗaya ɓangaren ya sa hannu a takarda cewa shi ma ba zai jefa ba. A littafi za a rubuta su biyun tare, wannan e, wancan a'a, ba a ce ɗayansu ya yi fashi ba, kuma lissafi ya tsaya yadda yake. Lokacin ma al'adar ta kusa mutuwa. Yaran yanzu in ka ba su labarinta sai su ɗauka wasa kake.

"Koma ciki," na ce. "Na ɗaura da kai."



"Ka san lissafin, Leland?"

"Na fi ka sani."

"Ba fa zan rama maka ba. In ƙudurin ya dawo baɗi, ja zan danna."

"Wa ya tambaye ka? Koma wurin matarka, tsohon banza."

Sai da akawun majalisa ya yi minti ashirin yana bincike kafin ya samo takardar, ta yi ƙura a ƙasan durowa. Ƙarfe huɗu 'yan reluwe suka cika benen 'yan kallo da rigunan aikinsu, wasu ba su ko yi barci ba bayan doguwar tafiya. Aka buɗe allon ƙuri'a. Talatin da huɗu, talatin da huɗu. Sunana yana nan ba kore ba ja, hannuwana a kan cinya. Da na ɗaga kai na ga Hollis Brandt, wanda muka yi shekara tara a jirgi ɗaya, ya dube ni, ya sa hularsa, ya fita. Har ya mutu bai ƙara gaishe ni ba. Da kaka ta zo suka kayar da ni a zaɓe, kuma ban ga laifinsu ba, don su ma suna da gaskiya. Har gobe direba shi kaɗai yake ratsa dajin nan, kuma duk jirgin da na ji kukansa sai na tuna hannuna yana ciki.

Ingrid ta cika da huɗu da rabi na wannan rana.

Na tuƙa awa biyar ɗin zuwa jana'iza. Bayan an fito daga coci, mata suna raba kofi da burodi da nama a ɗakin taro, Orrin ya ja ni waje wajen shinge. Ya rame, rigarsa duk ta yamutse. Na zaci godiya zai yi, har na shirya abin da zan gwasale shi da shi. Bai yi ba.

"Wajen ƙarfe uku ta farka," ya ce, yana kallon fili. "Ta gan ni a kujera, ta ɓata rai. Ta ce, Orrin, me kake yi a nan, ba yau ce ƙuri'a ba? Ka san ta."

"Me ka ce mata?"

"Na ce Leland ya riƙe min." Ya murza gefen hularsa. "Sai ta ce, to in Leland ne, zauna. Ta ba ni hannunta."