Taku Ɗari Bakwai

Gumin da ya karyo wa Safiyo ba na rana ba ne. 'Yarsa Auta ta gane haka tun kafin ya jingina da bishiya ya sulale ƙasa, don da ta taɓa goshinsa sanyi ƙalau ta ji shi, kamar gefen randa.

"Baba, ka karya kumallo kuwa bayan ka yi allurar sukarin?"

"Na kurɓi shayi," in ji shi, harshensa ya yi nauyi. "Miƙo mini jakar nan."

Ta shafa kafaɗarta, ba jaka. Jakar da Mama ta rataya mata da hannunta, mai lemon kwali biyu da ƙullin sukari, tana can kan kujerar bayan mota. Ita ta bar ta, wai kada ta dame ta da nauyi.

Tun da Safiyo ya ajiye aikin awon filaye ya rungumi abin da suke kira farautar akwati. Wani zai ɓoye ɗan akwati a wani lungu, ya sa lambobin wurin a intanet, wasu kuma su bi da na'urar GPS su nemo shi, su rubuta suna a ɗan littafin da ke ciki, su ɗauki wani tarkace su bar wani. Mama tana kiransa wasan yara masu furfura. Amma tun ranar da ciwon sukari ya kayar da shi a banɗaki ta kafa doka: ba zai ƙara fita shi kaɗai ba. Shi ya sa da hantsin nan Auta ta bar riga rabin yanka a kan tebur, ta lulluɓe keken ɗinki, ta ja ƙofar shago, ta tuƙo shi har ƙofar wannan gandun bishiyoyi da ke bayan tsohuwar masana'anta.

Kafin su bar mota kuwa sai da ta sha karatu, don Safiyo ba ya taka ƙasa bai yi wa wani lacca ba. A fara adana wurin da mota take a cikin na'ura. A riƙe batir na ko-ta-kwana. Kada a yarda da na'ura ita kaɗai, a ɗauki saiti da kamfas mai nuna arewa, a kuma ƙirga taku. Har da biro ya rubuta mata 240 a bayan hannu, ya ce digirin da za su bi ke nan. Ya ƙara da tsohon ƙorafinsa, na marasa kan gadon da ke zuba abinci a akwati su tara masa tururuwa. "Ba a sa abin ci, Auta. Doka ce." Ita dai tana ta "To, Baba", hankalinta na kan rigar da ta bari. Takun ne kawai ta ƙirga, shi ma don yana tsare ta da ido. Sun yi ɗari bakwai, na'ura ta ce saura mita goma sha biyar, sai ga shi a ƙasa.

Ta zaro waya. Babu sabis, ko ɗigo.

"Ungo." Ya tura mata na'urar, ya laluba ya rataya mata kamfas a wuya, hannunsa sai karkarwa yake. "Bi kibiya... mota."

"In bar ka nan?"

"Je ki mana."

Ta kwasa da gudu. Kibiyar da ke fuskar na'urar ba ta yi mata gardama ba, mita na ta raguwa, har ta hango farin rufin mota. Tana fizgo jakar, na'urar ta yi ɗan kuka sau biyu, fuskarta ta ɗauke. Ta danna, ta girgiza, ta bubbuga ta a cinya. Ko gezau. Sai a lokacin ta tuna inda batir ɗin ko-ta-kwana yake: a aljihun gaban rigar Baba.

Ta juya ta dubi gandun. Bishiyoyin dashe ne, layi-layi, tsayi ɗaya, kauri ɗaya, kowane layi sak ɗan'uwansa. Ɗazu da ta fito idonta na kan kibiya, ko sau ɗaya ba ta waiwaya ba. Titin kuma fayau, ba mota ba mutum, masana'antar tagoginta duk a farfashe.

Kamfas! Ta ɗora shi a tafin dama, ta murɗa zoben zuwa 240 yadda ta ga Baba yana yi, ta juya jikinta har jan tsinken kamfas ɗin ya zauna a gidansa. Hannun hagu ta ƙanƙame igiyar jaka da shi a ƙirji. Ta shiga tana ƙirgawa da ƙarfi, ɗaya, biyu, uku, busassun ganye na ƙara a ƙarƙashin takalminta.

Likita ya gaya musu yadda abin yake tafiya. Gumi, rawar jiki, surutai, sannan barci. Idan barcin ya zo ba a ɗura wa mutum komai, sai asibiti. Ta yi ta ture maganar, maganar na dawowa. A ɗari huɗu ta fara kira. A ɗari shida muryarta ta fara shaƙewa. A ɗari bakwai ta ci karo da shingen waya, mai tsatsa, wanda wallahi ba su wuce shi ba ɗazu.

"Baba! Baba!"

Tsit. Wata kurciya ce kawai ta tashi fir.

Innalillahi. Ta durƙusa a gindin shingen. Tsoro irin wanda ba ta taɓa ji ba ya rufe ta. Ta ga kanta tsaye a ƙofar falo, Mama na kan sallaya tana tambayar ina mahaifinki, ita kuma riƙe da jakar nan, lemo biyu cif ba a taɓa ba. Me za ta ce? Nauyi ya dame ni? Ta dubi agogo. Minti talatin da biyar tun da ta bar shi.

Ta dubi kamfas ɗin da haushi, abin da Baba ya ce ba ya ƙarya. Ta ɗaga hannun hagu za ta share hawaye, sai tsinken ya zabura ya bi hannun. Ta sauke, ya biyo shi ƙasa. Ta sake ɗagawa, ya sake bi, kamar ɗan akuya ya ga dusa.

Ta janye hannun riga. Ga shi nan ɗaure a tsintsiyar hannunta: maganaɗisun da take manna fil da allura a kai idan tana gwaji, fil huɗu ma na jikinsa. Ya zame mata kamar fata, da shi take cin abinci, wani lokaci har barci, Mama na yi mata tsiyar wata rana za ta tsire kanta. Kaico, Auta! Duk tafiyar nan ba arewa tsinken yake nunawa ba, hannun tela yake bi.

Ta fincike shi ta yi jifa da shi bayan shinge. To, amma daga nan 240 ba ta da amfani, lambar daga mota aka ɗauke ta. Zuciyarta na ce mata ta kutsa kawai ta yi ta ihu, ko Allah zai sa a dace. Ta ji muryar Baba kamar yana gefenta, irin yadda yake faɗa in ya ga an rikice: koma inda ka tabbata, ka sake farawa. Shingen nan dole ya kai ga ƙofar da suka ajiye mota. Ta bi shi a guje, ƙaya na kama mata zani, tana kuka tana salati, har ta dafa ƙarfen motar da ya ɗau zafi.

Ta matsa taku goma daga motar, don ita ma ƙarfe ce. Ta cusa makulli da waya can ƙasan jaka, ta mayar da jakar baya. Ta miƙa kamfas nesa da jiki. Tsinken ya yi lilo, ya tsaya, ya nuna mata wani layi dabam, can dama da wanda ta bi. Ta zaɓi bishiya ɗaya a saitin, ta je gare ta, ta sake zaɓar wata. Ba ta yi gudu ba, don gudu yana ɓata ƙirga, kuma wannan tafiyar a hankali ta fi komai cin ranta.

A ɗari shida da casa'in ta ga hularsa a ƙasa. Gindin bishiyar wayam. Sai wani jan sawu a cikin ganye, na mutumin da ya ja jiki da gwiwa.

Ta bi sawun. Bayan wani kututture ta hango ƙafafu biyu a miƙe, ba motsi.

"Baba?"

Ƙafa ɗaya ta motsa. Yana jingine da kututturen, fuska fari fat, rigar sharkaf. A cinyarsa ga wani akwatin roba a buɗe, ga ɗan littafi, ga ƙaramar motar wasa da maɓallai, ga takardun alawa uku an lashe su tas.

"Kin daɗe," ya ce a hankali.

Ta fasa kwalin lemo ta kafa masa a baki. Ya shanye, ta fasa na biyu. Sai da ta ga idonsa ya daidaita a kanta sannan ta kifa kai a kafaɗarsa ta saki kukan gaba ɗaya. Ya bar ta ta yi mai isarta.

"Cewa na yi in ma tafiyar ce, bari dai in ga akwatin," in ji shi. Ya ɗaga takardar alawa ɗaya. "Wani mara kan gado ne ya bar su. Har sun narke."

Ya ce ta rubuta musu suna, shi hannunsa bai dawo ba tukuna. Ta rubuta kwanan wata, ta rubuta Safiyo da Auta. Sannan ya tuna mata, kamar ba shi ne ya leƙa lahira yanzu ba, cewa wanda ya ɗauka sai ya ajiye.

Auta ta laluba jaka ta ciro ƙullin sukarin Mama, ta sa shi a tsakiyar akwatin, ta ɗago ta zuba masa ido.

Safiyo ya buɗe baki. Ya dubi sukarin, ya dubi takardun da ke cinyarsa, ya daɗe yana kallonsu.

"Ƙara masa leda," ya ce. "Ki ƙulle da kyau, saboda tururuwa."